Ƙwayar Ekstasi da Ƙwaƙwalwa: Ita Ke Ɓata Shawara, Ko Da Ma Can Haka Ta Tarar?

A ɗakin gwaji, akan zaunar da mutum gaban tebur, a jera masa tulin kati huɗu a kife. Sai a damƙa masa rancen dala 2,000 na kuɗin wasa, a ce ya riƙa jan kati ɗaya bayan ɗaya daga duk tulin da ransa ya so, abin da ake nema kawai ya tashi da riba. Ba a gaya masa sau 100 zai ja ba, ba a kuma gaya masa abin da ke ƙarƙashin katunan ba. Tuli biyu na farko, duk katin da ya buɗe dala 100 ce. Sauran biyun hamsin-hamsin suke bayarwa. Sai dai jefi-jefi akan ci karo da katin tara, kuma tarar da ke cikin tulin masu ɗari-ɗari mai karya ƙugu ce: a kowane kati 10, mutum zai karɓi 1,000 ya biya 1,250. A tulin masu hamsin kuwa, kowane kati 10 yakan bar masa ribar 250.

Kusan kowa da masu ɗari yake farawa, ana yi wa rogo kallon kitse. Amma kafin wasa ya yi nisa, mai lafiyayyar ƙwaƙwalwa yakan janye jiki ya koma wa ƙananan. Abin mamaki, na'urar auna gumi da ake maƙala masa a hannu takan nuna fatarsa ta soma tsatsafo da zufa duk lokacin da zai miƙa hannu ga tulin haɗari, tun kafin bakinsa ya iya faɗin abin da ya sa yake ɗari-ɗari da shi.

Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu ne suka ƙirƙiro wannan wasa a Jami'ar Iowa ta Amurka, suka wallafa shi a 1994. Ba don masu shaye-shaye suka yi shi ba. Suna da marasa lafiya waɗanda ƙari ko fashewar jijiyar jini ya lalata musu sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, daidai saman kwarmin ido. Mutane ne masu magana tiryan-tiryan, lissafinsu daidai, ba su da mantuwa, amma wasunsu sun kasa riƙe aiki, sun kasa riƙe aure, dukiya ta salwance a hannunsu. A gaban katunan, su ne ke ci gaba da jan masu ɗari har rancen ya ƙare, kuma wannan zufar gargaɗi ba ta zo musu.

Daga baya sai aka ɗauko wasan aka ajiye gaban matasan Turai da Amurka masu haɗiyar ƙwayar ekstasi a gidajen rawa. Ana so a sani: shin ƙwayar tana yi wa wannan sashe na bayan goshi irin ɓarnar da ƙari ke yi, ko da kaɗan ne? Fiye da shekara 25 ana wannan tambaya, an kashe maƙudan kuɗi, wani ya rasa kujerarsa a kanta, an janye wani shahararren bincike cikin kunya. Amsar da aka samu ba ta yi wa masu tallan ƙwayar daɗi ba, ba ta kuma yi wa masu zuzuta tsoronta daɗi ba.

Sunanta a wajen masana MDMA. Kamfanin Merck na garin Darmstadt a Jamus ne ya fara haɗa ta a 1912, a kan hanyar neman maganin tsayar da zubar jini, aka ajiye ta aka kusan mantawa. A shekarun 1970 wani masanin sinadarai a Kalifoniya, Alexander Shulgin, ya sake haɗa ta, ya gwada a kansa, ya miƙa wa masu jinyar taɓin zuciya ta hanyar tattaunawa. Ba a jima ba ta tsallaka zuwa mashaya a Dallas ta jihar Texas. Amurka ta haramta ta a 1985. Dokar Birtaniya da ma ta riga ta haɗa da ita tun 1977. Haramcin bai hana ta bin 'yan kiɗa daga tsibirin Ibiza na Sifaniya zuwa Landan da Manchester a 1987 da 1988 ba. Yau ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi yana ƙiyasta masu amfani da ita a duniya da kimanin miliyan 20 a shekara.

Abin da take yi a cikin kai

A can gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya da ke sarrafa sinadarin serotonin. Ba su da yawa, amma sun miƙa dogayen rassa siri-siri zuwa kusan kowane lungu na ƙwaƙwalwa. Barci, cin abinci, zafin jiki, yanayin rai, haƙurin jira kafin a aikata abu, duk serotonin na da hannu a ciki. A ƙarshen kowane reshe akwai wasu ƙananan ƙofofi masu aikin kwashe serotonin ɗin da aka fesa su mayar da shi ciki don gobe. Ta waɗannan ƙofofin mayarwa ekstasi ke shiga, sai ta juya aikinsu: maimakon su kwasa su shigar, sai su riƙa tuttuɗowa waje.

Kamar mai gida ne da ya fasa rumbu ranar biki, ya ce kowa ya ɗiba. Awa uku zuwa shida ana cikin wadata. Mutum yakan ji kowa ɗan'uwansa ne, kiɗa na ratsa shi, gajiya ta tafi, haƙora na cizon juna ba da saninsa ba, ƙwayar ido ta buɗe. Bayan nan rumbu wayam, kuma ƙwayar takan dakushe sinadarin da ke ƙera sabon serotonin, don haka cikowa takan ɗauki kwanaki. Wanda ya sha daren Asabar yakan wayi gari Talata ko Laraba ransa a ɓace ba gaira ba dalili. Valerie Curran ta Jami'ar Landan ta bi wasu 'yan gidan rawa a 1997, ta auna yanayin ransu a daren da kuma tsakiyar mako, ta tabbatar da wannan faɗuwa.

Wannan duk ba a jayayya a kai. Inda gardama take shi ne ko rassan nan suna komawa yadda suke.

Birai, da kwalbar da aka yi wa laƙabin ƙarya

A jikin dabbobi an ga ɓarna ƙarara. George Ricaurte da Una McCann na Jami'ar Johns Hopkins sun yi wa wasu birai allurar ƙwayar sau biyu a rana har kwana huɗu. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu bayan mako biyu, rassan serotonin sun yi ƙasa sosai. Wasu biran an bar su shekara bakwai kafin a duba, aka tarar rassan sun sake tofowa a wasu wurare amma ba su cike gurbi a ɓawon ƙwaƙwalwa ba. An wallafa wannan a 1999. Masu suka sun ce adadin da aka ɗura wa biran, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace allura, ya ninka abin da ƙwaya ɗaya ke bai wa mutum, ga shi kuma sau takwas a jere. Suna da gaskiya a nan. Amma sakamakon ya nuna ƙwayar na iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa gaba ɗaya, in dai adadin ya kai.

Sai a watan Satumba na 2002 wannan ɗakin gwaji ya fitar da wani bincike a mujallar Science wanda ya girgiza kowa. Aka ce allura uku a rana guda, kwatankwacin abin da ɗan rawa zai sha a dare ɗaya, ta lalata jijiyoyin dopamin a birai, irin lalacewar da ke kai mutum ga ciwon karkarwa na Parkinson. Biyu daga cikin dabbobi 10 sun mutu. Tun a lokacin wasu masana suka ɗaga gira: in har ɗaya cikin biyar na mutuwa a wannan adadi, ai da gidajen rawa sun cika da gawawwaki duk ƙarshen mako. Bayan shekara guda, a Satumbar 2003, masu binciken suka janye shi da kansu. Ashe kwalbar da aka rubuta wa MDMA, wata ƙwaya ce daban a ciki, methamphetamine. A tsakanin fitowar binciken da janye shi, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta tsananta hukunci a kan masu shirya tarukan rawa.

Asarar da wannan kuskure ya jawo ta wuce ta birai. Ya bai wa duk matashin da ba ya son jin gargaɗi hujjar da zai riƙe. In an kawo masa binciken 1999, wanda har yau yana tsaye, sai ya ce ai su ne waɗanda suka rikita kwalabe.

Hotunan kan mutane

Mutum ba a yanka kansa a duba, sai dai a ɗauki hoto. Ana yi masa allurar wani sinadari mai ɗan haske wanda ke manne wa ƙofofin mayarwa, na'ura ta nuna yawansu. A Toronto ta Kanada, Stephen Kish ya ɗauki hoton masu shan ekstasi 49 da waɗanda ba sa sha 50, ya gwada gashin kansu don tabbatar da abin da suka ce suna sha, ya wallafa a 2010. A ɓawon ƙwaƙwalwar masu sha, ƙofofin sun ragu da kashi 19 zuwa 46 cikin 100, ya danganta da wurin. A hifokamfus, sashen da ke ɗaure sabon abin da aka koya, sun ragu da kusan kashi 21. A sassan can ciki kuwa ba a ga bambanci ba. Wannan ya dace da abin da aka gani a birai: rassan da suka fi nisa da gindi su ke fara shan wuya.

Labari mai ɗan daɗi ya fito daga Amsterdam. Liesbeth Reneman ta nuna a mujallar Lancet a 2001 cewa matan da suka sha da yawa sun fi maza nuna wannan raguwa, amma waɗanda suka daina fiye da shekara guda, ƙofofinsu sun kusan komawa daidai. Binciken da suka biyo baya sun ƙarfafa hakan: gwargwadon daɗewar mutum da dainawa, gwargwadon farfaɗowarsu. Sai dai dawowar ƙofa a hoto ba ta nufin reshen ya koma bin tsohuwar hanyarsa, kuma raunin riƙe kalmomi a ka da ake gani a masu sha bai cika gushewa da dawowar ƙofofin ba.

Girman naman ƙwaƙwalwar fa? A nan ne hujja ta fi rauni, ko da yake a nan jaridu suka fi ɗaga murya. Wani bincike na Amsterdam a 2012 ya ce hifokamfus ɗin masu sha ya fi ƙanƙanta da kashi 10.5 cikin 100. Labarin ya zaga duniya. Mutum nawa aka auna? Masu sha 10, marasa sha 7. A Kolon ta Jamus, Jörg Daumann da Euphrosyne Gouzoulis-Mayfrank sun kwatanta waɗanda suka yi nisa a shan ekstasi da amfetamin da waɗanda suka ɗan taɓa kawai, suka ga masu nisan suna da ƙarancin nama mai ruwan toka a tsakiyar sashen bayan goshi da saman kwarmin ido, wato daidai wurin da marasa lafiyan Damasio suka samu rauni. Waɗanda suka ɗan taɓa ba su bambanta da marasa sha ba. Da wasu masana na Basel ta Suwizalan suka tattara binciken hoto da aka yi kan masu matsakaicin sha a 2016, sun ce ba su ga gamsasshiyar hujjar sauyin tsari ko na aiki ba, tare da jan kunne cewa yawancin binciken ƙanana ne.

Hausawa kan ce gani ya kori ji, shi ya sa hoton ƙwaƙwalwa mai launin ja da ruwan ɗorawa ke da ƙarfi a zuciyar mai kallo. Amma launukan nan kwamfuta ce ta shafa su a kan lissafin matsakaicin bambanci tsakanin rukuni biyu. Ba wanda zai ɗauki hoton mutum ɗaya ya ce wannan mai shan ekstasi ne.

To, a gaban katunan fa?

Boris Quednow, lokacin yana Jami'ar Bonn, ya zaunar da maza 19 masu yawan shan ekstasi, da 19 masu shan wiwi, da 19 da ba sa shan komai, ya wallafa sakamakon a 2007. 'Yan ekstasi sun fi sauran komawa ga tulin haɗari, sun kuma fi gaggawar ba da amsa kafin su gama dubawa. Ya sa masu wiwi a ciki ne da gangan, don kusan duk mai shan ekstasi yana busa wiwi, kuma ana so a raba laifin ɗaya da na ɗaya.

Shekara guda bayan haka, Karen Hanson da Monica Luciana na Jami'ar Minnesota suka yi irin wannan gwaji, amma suka kwatanta masu ekstasi da waɗanda ke shan ƙwayoyi iri-iri ban da ekstasi. Dukkan rukunin biyu sun gaza marasa sha, kuma ba su bambanta da juna ba. Ma'ana, ana iya samun wannan rauni ba tare da an taɓa ganin ekstasi ba.

Wannan ita ce ƙayar da ta maƙale wa fannin gaba ɗaya. Mai shan ekstasi a Landan ko Berlin ba ita kaɗai yake sha ba. Akwai giya, taba, wiwi, sau da yawa hodar ibilis da amfetamin. Yana kwana a tsaye yana rawa, ba barci ba abinci. Adadin da ya ce ya sha a rayuwarsa kuwa ƙiyasi ne daga bakin mutumin da ake zargin yana da mantuwa, kuma shi kansa bai san abin da ke cikin ƙwayoyin da ya haɗiya ba.

John Halpern na Asibitin McLean da ke ƙarƙashin Harvard ya yi ƙoƙarin cire wannan ƙaya. Ya nemo masu shan ekstasi 52 waɗanda ba su cika taɓa giya ko wata ƙwaya ba, abin da samunsa ke da wuyar gaske, ya kwatanta su da mutum 59 da su ma ke kwana a wuraren rawa amma ba sa shan ekstasi. An gwada fitsari da gashi. A sakamakon da ya fito a 2011, kusan duk gwaje-gwajen basira sun zo kunnen doki. Abu guda ya rage: masu sha sun fi rauni wajen tsara dabara da riƙe kai a cikin aiki, abin da ke nuna gaggawa. Halpern da kansa ya ce mai yiwuwa wannan hali ya riga shan ƙwayar.

Wa ya riga wani?

Hanya guda ce ta raba wannan gardama: a auna mutum tun bai fara ba, a bi shi. Ba a yarda a bai wa lafiyayye ƙwaya shekara da shekaru don a ga abin da zai faru ba, don haka masu binciken Holan suka yi dabara. Suka nemo matasa 188 da ba su taɓa sha ba amma suka ce akwai yiwuwar su gwada nan gaba. Aka ɗauki hotunansu, aka gwada basirarsu, aka sallame su. Da aka sake kiransu, kusan 60 sun riga sun gwada, yawanci ƙwayoyi 'yan kaɗan. Ƙofofin serotonin ɗinsu ba su ragu ba. An ga ƙananan sauye-sauye a gudanar jini da zaren jijiya a wasu sassan can ciki. A gwajin haddace jerin kalmomi kuwa, waɗanda ba su sha ba sun ƙara ƙwarewa a karo na biyu kamar yadda aka saba gani, waɗanda suka sha ba su ƙaru ba. A Kolon ma an bi sabbin shiga shekara guda, aka ga waɗanda suka haɗiyi ƙwaya 10 ko fiye sun ja baya a gwajin tuna wane hoto ke tafiya da wane. Saboda haka a kan riƙe abu a ka, akwai dalilin ɗora wa ƙwayar laifi, ko da raunin ƙarami ne wanda mai shi ba lallai ya lura ba.

A kan yanke shawara kuwa, Kolon ta fito da abin da ya juya tambayar. Benjamin Becker da abokan aikinsa sun ɗauki hoton masu ɗan taɓa ekstasi da amfetamin jefi-jefi, suka bi su shekara biyu. Wasu sun tsaya inda suke ko sun daina, wasu sun zurma. Da aka koma ga hotunan farko, sai aka ga waɗanda suka zurma tun a ranar farko tsakiyar sashen bayan goshinsu da amigdala, cibiyar tsoro da gargaɗi, sun fi na sauran ƙanƙanta. An wallafa wannan a mujallar Brain a 2015. Kafin nan, a 2012, Karen Ersche ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa 'yan'uwan masu jarabar hodar ibilis da makamantanta, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda ba su da jarabar, suna da irin bambancin ƙwaƙwalwar da masu jarabar ke da shi, da irin wahalarsu ta taka birki.

A ganina, a nan ne gaskiyar ta fi zama. Wani ɓangare na abin da ake nunawa a hoto a ce “ga abin da ekstasi ta yi”, da shi mutumin ya zo. Shi ne ma ya sa daga ƙwaya ɗaya ya kai ɗari, alhali abokinsa ya gwada sau biyu ya watsar. Wannan ba wanke ƙwayar ba ne. Sashen bayan goshi ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, kuma masu sha da yawa ba su kai nan ba. Wanda birkinsa ya zo da rauni, shi ne zai kai adadin da ke rage ƙofofin serotonin, shi ne kuma ya fi kowa buƙatar serotonin ɗin.

Siyasa ba ta son irin wannan amsa mai harshen damo. A 2009 David Nutt, shugaban kwamitin da ke bai wa gwamnatin Birtaniya shawara kan miyagun ƙwayoyi, ya rubuta cewa haɗarin ekstasi bai fi na hawan doki ba. Kwamitinsa ya ba da shawarar a sassauta matsayinta a doka, gwamnati ta ƙi, kafin ƙarshen shekarar aka sallame shi. Ostareliya ta bai wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da MDMA wajen jinyar firgicin bayan bala'i daga Yulin 2023. Hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da irin wannan a Agustan 2024. Ko a inda aka yarda, magani ne tsantsa, a auna, a asibiti, sau biyu ko uku, likita na zaune. Ba shi da haɗi da abin da ake sayarwa a bayan gidan rawa.

Shawarar da ake yankewa a daren

Duk wannan muhawara kan abin da zai faru bayan shekaru ce. Mafi munin shawara kuwa a cikin awa shidan nan ake yanke ta, kuma wannan ba ya buƙatar na'urar hoto.

Ƙwayar takan ɗauki minti 30 zuwa awa guda kafin ta fara aiki. Mai gaggawa sai ya ce ba ta kama shi ba, ya ƙara ta biyu. Abin da bai sani ba, MDMA tana toshe sinadarin hanta da ke narkar da ita, don haka ƙwaya ta biyu ba ninki biyu kawai take kawowa a jini ba, ta fi haka. Idan ta kama, a Jami'ar Chicago an nuna tana rage martanin amigdala ga fuskar mai fushi. Mutum yakan daina karanta alamar haɗari a fuskar wanda ke gabansa. A Groningen ta Holan an sa masu sha tuƙin gwaji a na'ura, aka ga hannunsu bai lalace sosai ba amma sun fi yarda su kutsa inda da ba za su kutsa ba.

Sai zafi. Ƙwayar na ɗaga zafin jiki, ga rawa ba hutu, ga cunkoso. Zafin kan wuce digiri 41, tsoka ta soma narkewa, ƙoda da hanta su tsaya. A ɓeraye an nuna cewa ƙarin zafin ɗaki kaɗan yana ƙara ɓarnar da ƙwayar ke yi wa rassan serotonin. Da aka yi ta gargaɗin matasa su sha ruwa, sai wani bala'in ya ɓullo ta baya, domin ƙwayar na sa jiki ya riƙe ruwa ya ƙi fitar da fitsari. A Nuwambar 1995 wata yarinya a Essex ta Ingila ta sha ƙwaya ɗaya a bikin cikarta shekara 18, ta kwankwaɗi ruwa kusan lita bakwai cikin awa ɗaya da rabi. Gishirin jininta ya tsinke, ƙwaƙwalwarta ta kumbura, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Mata sun fi maza faɗawa wannan.

Ita ƙwayar ma ba ta tsaya yadda masu binciken farko suka san ta ba. Hukumar Tarayyar Turai mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi ta ce a shekarun 1990 da 2000 ƙwaya ɗaya na ɗauke da miligiram 50 zuwa 80. Zuwa 2016 matsakaicin ya kai wajen 125, ana kuma samun masu 270 zuwa 340. A Ingila da Wales, mutum 92 ne aka rubuta MDMA a takardar mutuwarsu a 2018. Wani lokaci ma ba MDMA ba ce. A Disambar 2014 cibiyar Trimbos ta Holan, wadda ke gwada ƙwayoyin da mutane suka kawo mata, ta gano wata ƙwaya mai tambarin Superman cike da PMMA, guba mai jinkirin kamawa, ta yi shela a talabijin. A Ingila, inda ba a yi irin wannan shela ba, irin ƙwayar ta kashe mutum huɗu a makonnin da suka biyo.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce. Yawancinta haka ne, kuma duk binciken da aka zayyana a kan matasan Turai da Arewacin Amurka aka yi su. Amma binciken amfani da miyagun ƙwayoyi da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, na shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da wata ƙwaya a shekarar, cikinsu kimanin 340,000 ekstasi ce. Wannan ya fi adadin masu hodar ibilis sau uku da wani abu. Abin da ya fi ba da tsoro a wajenmu shi ne haɗi: tiramol, wanda miliyoyi ke sha, shi ma yana hana kwashe serotonin. Idan ya haɗu da ekstasi a jiki ɗaya, serotonin na iya yin yawan da zai kawo karkarwa, sanƙarewar tsoka, zazzaɓi mai tsanani da farfaɗiya. Ga kuma zafin bazara da ke wuce digiri 40 tun ba a shiga cunkoso ba.

Malami ko uba ko ma'aikacin lafiya da zai yi wa matashi magana a kan wannan ƙwaya, kada ya ce masa ƙwaya ɗaya na huda rami a ƙwaƙwalwa. Yana da waya a hannu, zai bincika ya ga ba haka ba ne, daga nan ya daina sauraro. A gaya masa abin da aka tabbatar: yawan sha na rage ƙofofin serotonin, yana taɓa riƙe karatu a ka, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin ƙwayar da aka miƙo masa. In kuwa aka ga wanda ya sha jikinsa ya yi zafi rau, ko yana sambatu, ko amai da ciwon kai, ko ya sanƙare, kada a ɗura masa ruwa, kada a kulle shi a ɗaki a ce barci zai warware. A fitar da shi inda iska take, a jiƙa masa jiki, a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita duk abin da ya sha, har da tiramol ɗin.